Jawabin Kwamitin Masu Bas Ɗin Haya Game Da Matsalar Waya Da Lafiyar Fasinja

Mai girma Sarkin Hausawa, iyayenmu malamai, shugabannin ƙungiya, da sauran 'yan uwa mazauna Sabon Ibadan.

Kwamitinmu ya zauna da masu bas-bas ɗin da ke jigilar mutanenmu daga nan zuwa gida, mun saurari koke-kokensu. Galibin motocin nan tokumbo ne, sun sha aiki a Turai kafin su zo hannunmu, ga shi kuma muna ɗora masu tafiyar dare da rana.

Kukan da ya fi yawa shi ne na waya. Wani ya ce fitilarsa ta ɗauke gaba ɗaya tsakanin Jebba da Mokwa cikin tsakar dare, da fasinja cike. Wani ya ce kullum da safe sai an tura. Wani kuma warin ƙonewar roba ya ji daga ƙarƙashin kujerar direba, kafin ya tsaya hayaƙi ya turnuƙe, ƙofar gefe kuma ta ƙi buɗuwa. Allah ne ya kiyaye.

To jama'a, da muka bincika, yawancin laifin daga wajenmu yake. Fiyus an yi shi ne don ya tsinke idan wuta ta yi yawa, ya ceci waya. Amma idan ya ƙone sai mu naɗa masa zaren waya ko takardar kwalin sigari. Ran da waya ta haɗu da ƙarfe babu abin da zai tsinke, sai ta yi zafi ta kama da wuta. Haka kuma ƙara manyan fitilu da lasifika da wurin cajin waya a kan siraran wayoyi. Ga jarkar fetur a ƙarƙashin kujera, wanda shi ne ke mayar da ƙaramar wuta gobara.

Don haka muna roƙon abubuwa kamar haka. Na farko, a sa fiyus mai lambar da aka rubuta, kada a ƙara. Na biyu, a riƙa sa mai gyaran waya ya auna batir. Batir mai ƙarfin 12, in inji na aiki ya kamata ya nuna wajen 14. In bai kai ba, caja ba ta yi. A ɗaure kan batir sosai. Na uku, a gyara ƙofa ta riƙa buɗuwa ta ciki da waje, kada a toshe ta da buhuna. Na huɗu, a duba lambobi 4 na ƙarshe a jikin taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tsohuwar taya ko da zanenta na nan tana iya fashewa. Na biyar, kowace mota ta riƙe tukunyar kashe gobara mai aiki, kusa da hannun direba.

Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya a 2017. Kada mu sa ta don tsoron tara kawai, sannan mu cire wayarta a hanya.

Ku kuma fasinjoji, in kun ji wari ko kun ga fitila na rawa, ku yi magana. Ba rashin kunya ba ne. Waɗanda ke cikin motocin nan matanmu ne da 'ya'yanmu masu zuwa ganin gida, kuma amana ce a wuyan mai mota da direba. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya tsare mu, ya kai kowa gida lafiya, ya ƙara mana zaman lafiya da masu masaukinmu.