Albashin Doka da Mai Injin Niƙa: Jawabi ga Rassan Jam'iyya a El Allassane Maïreyrey



An ce in yi magana a kan albashin doka, wanda Nasara ke kira SMIG, wato mafi ƙanƙantar kuɗin da aka halatta a biya ɗan ƙwadago a wata. Kada wani ya ce muku kyauta aka ba mu. Kakanninmu sun yi aikin tilas har 1946. Ran 3 ga Nuwamba 1952 ma'aikata suka ajiye aiki a ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulki, sa'an nan ran 15 ga Disamba aka fito da dokar ƙwadago, da albashin doka a cikinta.

A Nijar, daga 2012 jikka 30 ne da tamma 47. A Janairun 2024 aka kai shi jikka 42. Madalla, mun yarda.

To amma ku zo mu yi lissafi, tunda shi nake koya wa yara a lekol. Mai injin niƙa a kasuwar Tasawa ko Mayahi yana da yara 2. In ya bi doka, jikka 84 ke nan kowane wata, bai sayi mai ba, bai gyara inji ba, bai biya patanti ba. Wa ke kawo masa niƙa? Matar talaka ce, wadda kuɗinta ke jiran kakar gero da gyaɗa. In ya ƙara kuɗin tiya, ta koma turmi. Sai ya sallami yaro guda, ko kuwa ya ce duka ƴaƴan ɗan'uwansa ne, ya biya su da tuwo. Kun san na biyun ya fi yawa.

Maƙwabtanmu na Nijeriya, a dokarsu ta 2019, sun ware wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ni ban so haka ba, don cikin yaron tela da na ma'aikacin kamfani duk ɗaya ne. Abin da nake so, wanda ya biya albashin doka a rage masa patanti.

Saboda haka kowane reshe ya zaga kasuwarsa, ya rubuta teloli da maƙera da masu inji, yara nawa ke gare su, nawa suke biya. Kada ku shiga da faɗa, da yawansu ƴan jam'iyya ne. Ku kawo takardun taro mai zuwa.