Tsimi da Tanadi a Gidan Manomi: Darasi daga Kudancin Kano



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a dubi yadda gidan manomi yake tafiyar da abin da ya samu daga kaka zuwa kaka, a kuma gano inda dukiyarsa take zurarewa. Za a ɗauki misali daga ƙananan hukumomi huɗu na kudancin Jihar Kano, watau Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa.

Da farko ya kamata a bambance kalmomi uku waɗanda jama'a sukan cuɗa su. Tsimi shi ne amfani da abu gwargwadon bukata, ba tare da ɓarna ba. Tanadi kuwa shi ne keɓe wani abu yau saboda bukatar gobe. Rowa ita ce hana mai hakki hakkinsa alhali akwai. Mai gidan da ya auna hatsin da za a daka kowace rana, tsimi ya yi. Wanda ya kulle rumbu iyali suka kwana da yunwa don yana jiran farashi ya tashi, rowa ya yi, kuma Bahaushe bai taɓa yaba masa ba.

Ƙasar da albarkarta

Wannan yanki yana cikin sassan Jihar Kano mafiya samun ruwan sama, kuma damina takan riga sauka a can kafin ta kai arewacin jihar. Saboda haka ana noman masara da dawa da shinkafa da waken suya, ga rake a fadamu. A ƙasar Bebeji ne aka gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, wadda take ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2, kuma ita ce take shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. Dajin Falgore yana kwance a tsakanin Tudun Wada da Doguwa, Riruwai kuwa ta yi suna da haƙar kuza tun zamanin Turawa. Daɗin daɗawa, hanyar Kano zuwa Zariya ta ratsa yankin, kuma daga Kwanar Ɗangora wata ta ɓalle ta bi ta Tudun Wada ta nufi Saminaka da Jos.

To, ga tambayar da ta zama jigon wannan lacca. Ƙasar da take da ruwa da kasuwa da hanya kamar haka, me ya sa gidaje da yawa a cikinta sukan koma sayen hatsi da kwano tun kafin masara ta nuna? Wani sashe na amsar yana ga ƙarancin gona da tsadar taki, waɗanda suka fi ƙarfin mai gida shi kaɗai. Wani sashen kuwa yana cikin gida, kuma shi ne za a fi mai da hankali a kansa.

Abin da tarihi ya koyar

Mutanen wannan ƙasa sun ga sauyin zamani iri iri. Farin 1972 zuwa 1973 ya nuna wa kowa darajar tsohon hatsi, gama gidajen da suke da ragowar bara su ne suka fi jure wa wahalar. A 1973 aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo. A farkon 1975 aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin Udoji tare da bashin watannin baya, kuɗi suka yi yawa a hannu, aka auka wa rediyo da babur da kayan gwangwani, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a shekarar. Ba a jima ba farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a 1982, kana a 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki wanda ya karya darajar naira.

Irin wannan ya sake dawowa. A farkon 2023 an yi ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, har manomi ya riƙa karyar da kayansa ga duk mai tsabar kuɗi a hannu. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na niƙa da na ban ruwa suka tashi gaba ɗaya. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta kai kimanin kashi 40 cikin 100. Abin lura a nan shi ne, a yawancin waɗannan lokuta, wanda ya ajiye takardar kuɗi ya ga ta narke a hannunsa, wanda kuwa ya ajiye abincin shekara ya ci da iyalinsa.

Rumbu da lissafinsa

Bankin manomi na asali shi ne rumbu. Magabata sukan ajiye gero da dawa a dami, ba tare da sun sussuke ba, domin hatsi ya fi daɗewa a zangarniyarsa, kuma wahalar sussuka ita kanta takan hana ɗiba barkatai. Amma rumbu ba ya amfani sai da lissafi.

Alal misali, a ɗauki gida mai mutum 10 wanda yake cin kwano 2 na hatsi kowace rana. A shekara zai ci kwano 730. Idan buhu yana ɗaukar kwano 40, to gidan yana bukatar buhu 18 da 'yan kai. Wannan adadi shi ne ya kamata mai gida ya fara keɓewa bayan ya fitar da zakka, sa'an nan iri, kana abin da ya rage shi ne na sayarwa. Yawancin gidaje kuwa a juye suke yi: a sayar tukuna, abin da ya saura a ce shi ne na ci.

Har ila yau, a dubi ɓarnar ƙwari da ɓera da danshi. Idan suka cinye kashi ɗaya cikin goma na wancan hatsi, gidan ya yi asarar kwano 73, watau abincin kwana 36. Maganin wannan ba shi da tsada. A bar hatsi ya bushe sosai kafin a ɗura, a ɗora buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango. Wake kuwa, wanda ƙwari suka fi yi wa ɓarna, tun 2007 aka fara yaɗa buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Yadda yake aiki shi ne, idan aka ɗaure shi tamau iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su shaƙe su mutu, ba tare da an zuba guba a abincin da yara za su ci ba. Jarka ko duro mai murfi sosai ma sukan yi wannan aiki idan an cika su maƙil.

Sayarwa da kaka, saye da damina

Babbar ƙofar da arzikin manomi yake fita ta cikinta ita ce sayar da hatsi da kaka, lokacin da kowa ya kawo nasa kasuwa farashi ya faɗi, sa'an nan a dawo a sayi irinsa da damina da tsada. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina ta buga littafinta a 1972, ta nuna cewa matalautan manoma su ne suka fi faɗawa cikin wannan rami, kuma shi ne yake dawwamar da su cikin talauci. Dalili kuwa a fili yake. Wanda hatsinsa ya ƙare a tsakiyar damina tilas ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani, ciyawa ta cinye tasa, kakarsa ta zo da ƙaranci. Ko kuwa ya ci bashin falle, watau ya karɓi kuɗi ko hatsi da damina a kan zai biya da amfanin gona da kaka, ya zamana ya sayar da abin da bai ma girbe ba.

Hanyar kuɓuta ita ce a raba amfanin gona gida biyu tun daga shuka. Waken suya da shinkafa da rake da kayan rani su ɗauki nauyin bukatun kuɗi, masara da dawa su zauna a matsayin abinci. Haka kuma akuya ko tunkiya da aka saya da kaka, aka ciyar da ita da harawa da dusa na gida, ita za a sayar idan bukatar taki ta taso, rumbu ya tsira.

Sai dai akwai gargaɗi. Tanadin abinci daban, ɓoye hatsi don riba daban. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya faɗi ƙwarai, alhali taki bai sauko ba. Waɗanda suka ci bashi suka tara buhuna suna jiran tashin farashi sun yi asara mai yawa. Wanda ya ajiye don ci kuwa bai rasa komai ba, gama kwanon tuwo ba ya raguwa don farashi ya faɗi.

Rabon mata

Ba za a yi maganar tsimi a gidan Bahaushe a bar mata a baya ba, domin a hannunsu awo yake ƙarewa. Su ne suke yanka tumatir da kuɓewa su shanya lokacin araha, su daka kuka, su yi daddawa da kalwa ko da waken suya, su ajiye zogale da rama. Kauɗar da aka shanya da rani, sa'ad da tumatirin Kadawa ya cika kasuwa, ita take gyara miya da damina lokacin da ɗanye ya gagari talaka. Awara kuma ta zama madadin nama a gidaje da yawa, ga ta kuma sana'a.

Adashi ma tsohuwar dabara ce mai tasiri, domin yana tilasta wa mutum ajiya. Amma amfaninsa yana ga abin da aka yi da kwasar. Wadda ta kwashi adashi ta sayi 'yar akuya ko buhun gyaɗa na sana'a ta ƙaru, wadda ta zuba shi a anko kuwa ta koma inda ta fito. Lalle ne kuma a yi hattara da masu alkawarin ninka kuɗi cikin 'yan kwanaki. Shirin MMM ya tsaya da kuɗin jama'a a Disambar 2016, na CBEX kuma ya rushe a Afrilun 2025, mutane da yawa suka rasa abin da suka daɗe suna tarawa. Mai son ajiyar kuɗi ba tare da ruwa ba yana da inda zai je, tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu irinsa kuma suka biyo baya.

Ƙananan ƙofofi da manyan bukukuwa

Zamani ya buɗe wasu ƙofofi waɗanda magabata ba su san su ba: katin waya, man babur, kuɗin cajin waya, ladan mai POS, taliya da lemon kwalba. Kowannensu ƙarami ne, shi ya sa ba a lissafa shi. Amma wanda yake kashe naira 300 kullum a kan irin waɗannan, a shekara ya kashe naira 109,500. Da yayyafi kogi kan cika. Abin da ake bukata shi ne littafi ɗan ƙarami, ko da boko ko da ajami, a rubuta duk abin da ya fita har wata guda. Idan mai gida da uwargida ba su iya rubutu ba, yaron da ke makaranta ya riƙe musu.

Makamashi ma abin dubawa ne. Karan dawa da totuwar masara da ƙaiƙayin shinkafa duk abin girki ne, kuma murhun laka mai tsare iska ya fi na duwatsu uku tsimin itace. Yin haka yana rage kashe kuɗi, yana kuma rage sarar da ake yi wa dajin Falgore. Toka da kashin dabbobi da sharar gida kuwa, idan aka tara su aka kai gona da rani, sukan rage yawan takin zamani da za a saya.

Amma duk waɗannan ba su kai biki cin dukiya ba. Aure guda, da lefensa da kayan ɗakinsa da garansa, yakan cinye noman shekara biyu, wani lokaci har a jinginar da gona. Nauyin ya kai har gwamnatin Kano ta shiga ɗaukar nauyin aurar da jama'a tun 2012, kuma a Oktobar 2023 ta aurar da mutum 1,800 da matansu. Wannan matsala ce da mutum ɗaya ba ya iya maganinta, domin kunya da gori ne suke tura shi. Sai dagatai da limamai da dattawan gari sun haɗu sun tsai da iyaka, kuma masu hali su fara bin ta, sa'an nan talaka zai sami bakin cewa a'a.

Kammalawa

Tsimi ba zai sauko da farashin taki ba, ba zai kuma ƙara wa mai ƙaramar gona faɗin ƙasa ba. Waɗannan nauyi ne a kan hukuma, kuma wajibi ne masana su ci gaba da tunatar da ita. Abin da ke hannun mai gida shi ne ya san adadin abincin shekararsa, ya keɓe shi kafin ya je kasuwa, ya kare shi daga ƙwari, ya kuma shawarci iyalinsa a kan abin da yake fita. Ɗaliban da suka fito daga Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa za su iya taimaka wa iyayensu da wannan lissafi tun daga kakar bana, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa albarka a abin da aka samu.