Juyen Baƙin Mai a Injin Ban Ruwa: Aikin Wa Ne?

(Jawabin da muka gabatar wa ƙungiyoyin manoman rani a Balan, ƙaramar hukumar Gaya)

  Mun san wasunku sun baro amfani a gona ba su gama kwasa ba, saboda haka ba za mu tsawaita ba.

Maganar da ta tara mu yau ita ce baƙin man inji. Wani zai ce, yanzu a kan wannan aka kira taro? Ku bari mu ba ku labari tukuna.

Bara waccan, akwai wata ƙungiya ta mutum takwas da muke aiki tare da su. Ba za mu faɗi sunan garin ba. Sun haɗa kuɗi, matansu ma suka zuba na adashe, aka sayo sabon injin ban ruwa. Aka raba kwanaki, kowa da ranarsa. Kowa yakan zo da fetur ɗinsa, domin in babu fetur inji ba ya tashi. Amma baƙin mai, tun wanda aka zuba ranar da aka sayo, ba wanda ya sake waiwayarsa. Wannan yana zaton wancan ya yi juye, wancan yana zaton aikin shugaba ne. Bayan wata biyu, daidai lokacin da tumatir ke fure, inji ya buga. Kafin a tara kuɗi, a samo kayan gyara daga Kano, an yi kwana tara. Fure ya zube. Har yau akwai mutum biyu a cikinsu da gaisuwa kawai ke haɗa su. Mu ma muna da namu laifin: mun koya musu tazarar shuka da sa taki, amma ba mu taɓa zama da su a kan maganar juye ba. Abin da muka zo gyarawa ke nan.

Iyayenmu da jigo suka yi ban ruwa. Ƙananan injuna sun yaɗu ne ta hannun hukumar KNARDA a shekarun 1980, da kuma shirin Fadama a shekarun 1990. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 su ne ke sa kogin da ya ratsa Wudil ya nufi Ringim da Haɗejiya yana samun ruwa da rani. Jigo in ya karye, a ranar za a sassaƙo wani icen. Inji kuwa in ya buga, sai kuɗi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, komai ya yi tsada, sai mutum ya ga a wajen baƙin mai zai rage kashe kuɗi. Nan ne ake gudun gara a tarar da zago.

Mene ne aikin baƙin mai? A cikin inji ƙarfe ne ke gogar ƙarfe, sau dubbai a minti ɗaya. Mai shi ne ke shiga tsakaninsu, ya rage zafi, ya kwashe datti. In ya daɗe sai ya gaji, ya cika da ƙura da garin ƙarfe, ya koma yana cin abin da ya kamata ya kare. Ƙari a kan tsohon mai ba juye ba ne. Kamar zuba ruwa mai kyau ne a randar da ba a wanke ba.

Yaushe ake juye? Littafin kamfanin Honda na ƙaramin inji GX160, wanda yawancin injunan kasuwa suka kwaikwaya, ya ce sabon inji a juye masa bayan awa 20 na aiki ko wata ɗaya, daga nan kuma duk awa 100 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Ku lissafa da kanku. Mai aiki awa biyar a rana, kwana ashirin ya cika awa 100. Injin ƙungiya mai aiki awa goma a rana, kwana goma ne kacal. Da ƙurar hunturu irin tamu, gara ma a rage. Man da yake ci bai wuce rabin lita da ɗan kaɗan ba, wato galan mai lita huɗu zai yi juye shida.

Ga yadda ake yi:

1. Ku yi juye bayan an tashi daga ban ruwa, inji na da ɗumi, domin a lokacin ne mai ke tsiyayewa da dattinsa. Kada a tayar da inji don ɗumamawa alhali babu ruwa a cikin famfon, yana lalata shi.

2. A kashe inji, a rufe makunnin fetur, a ɗauke shi daga bakin ruwa ko bakin rijiya, a ajiye a wuri mai daidai.

3. A goge ƙura a bakin murfin mai, a buɗe. A tara gwangwani, a kwance notin ƙasa da sifana daidai da shi, a bari mai ya tsiyaye sarai.

4. A mayar da noti da wosharsa. A ɗaure, amma ba da ƙarfin tsiya ba, kada zare ya ci.

5. A zuba sabon mai da mazurari mai tsabta har ya kawo bakin ramin. In ya yi yawa, inji zai yi hayaƙi, fulogi ya yi baƙi.

Kafin ku kawar da tsohon man, ku dube shi. In ya yi fari-fari kamar an zuba nono, ruwa ya shiga. In yana warin fetur, fetur na zurarewa ciki, kuma sau da yawa daga ɗaukar inji a babur ne ba a rufe makunnin fetur ba. In kun ga yana ƙyalli da garin ƙarfe, ku nemi bakanike tun abin bai yi nisa ba. A ranar juye ku wanke soson matatar iska da sabulu, ya bushe, a shafa masa ɗan mai, a matse. Kuma kowace safiya, kafin a ja igiya, a duba mai. Wasu injuna suna da na'urar da ke kashe su in mai ya yi ƙasa. Mun ga inda aka cire wayarta wai tana damun mutane. Wannan kamar a kori mai gadi ne don yana tashin mutane in ɓarawo ya zo.

Maganar saye kuma, araha ba ta ado. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, ba ku san asalinsa ba, wani tsohon mai ne aka tace. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama jabun baƙin mai a ƙasar nan. Ku sayi galan a rufe, a wurin wanda kuka sani, ku duba lambar da littafin injinku ya ce.

'Yan'uwanmu masunta da masu fito da ke da inji a kwale-kwale, ku ma maganar ta shafe ku, har ta fi, domin naku in ya tsaya a tsakiyar ruwa ne, da rayuka a ciki. Sai dai ku san irin injinku. Akwai wanda ake haɗa masa mai da fetur a tanki, kamar ƙaramin janareta na gida, shi ma'aunin haɗin za a kiyaye. Akwai mai gidan mai daban, shi ake yi wa juye. A fito da shi tudu a yi, kada a yi a kan ruwa.

Tsohon mai kuma fa? Kada a zubar a kogi, ko a fadama, ko kusa da rijiya. Ɗan kaɗan ke shimfiɗuwa a kan ruwa mai yawa, ya cuci kifi, ya shiga ruwan da 'ya'yanmu ke sha. Iyayenmu mata, mun san ana shafa shi a gyambon jaki ko ƙazuwar akuya, wani lokaci har a jikin yaro. Don Allah a daina, akwai guba a cikinsa. A tara a jarka mai murfi, nesa da yara da wuta, a kai wa masu juye a gari. A wanke hannu da sabulu bayan aiki.

Yanzu ga abin da muke roƙo kafin a watse. Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum ɗaya, a faɗi sunansa a gaban kowa, shi ne mai juye. A sayi littafin makaranta ɗaya, duk wanda ya yi ban ruwa a rubuta awoyinsa. Wanda bai iya rubutu ba, ɗansa ya rubuta masa, ko ya ja layi ɗaya a kan kowace awa. Kuɗin mai kuma a tara shi yanzu da kaka, da amfani a hannu, a sayi galan a ajiye wurin ma'aji. Mun zo da inji ɗaya, yana gindin bishiya a waje. Muna so kowace ƙungiya ta turo mutum biyu, namiji da mace, su kwance noti da hannunsu mu gani.