Gawon Gonakin Roni

Manomin Roni ya san geron gindin gawo ya fi kaurin zangarniya. Masana tsirrai sun gano dalili: gawo kan zubar da ganye da damina, rana ta samu shuka, ganyen ya ruɓe ya zama taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa naitirojin. A Maradi, tun shekarun 1980 manoma ke barin tohon kututture ya girma, gonaki suka farfaɗo. Mu kuwa, abin takaici, gatarin masu gawayi bai bar gawo ba. Jami'ar Bayero da Jami'ar Tarayya ta Dutse, don Allah ku turo ɗalibanku Roni da Gwiwa, su ƙirga sauran gawon, su auna ƙasar gindinsa tare da manoma.