Kalmar "Deviate" da Ma'anarta

Yau kalma ɗaya tak ta Turanci na kawo muku. Ga ta nan a allo: deviate. Haruffanta 7 ne. Ku dubi na uku da kyau, watau v. Babu shi cikin bokon Hausa. In za ku faɗe shi, ku ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, ku fid da murya. Kalmar duka ana faɗinta kusa da "dibiyet".

Ma'anarta ratsewa, ko kaucewa, ko bauɗewa. Turawa ma aro ta suka yi daga Latin, harshen Rumawan dā. Can "de" shi ne daga, "via" kuwa hanya. Kun ga ke nan, barin hanya.

Amma ku lura, ratse dabam, ɓata dabam. Wanda ya ɓata bai san inda hanya take ba. Wanda ya ratse kuwa, akwai hanyar da aka shata masa, sai ya bar ta. Don haka a Turanci kalmar "from", watau daga, ta kan bi bayanta, don a nuna abin da aka kauce wa.

Ina za ku gamu da ita? In an ce "deviation", sunan aikin ke nan. Masu zuwa Maraɗi ko Damagaram su kan ga irinta da Faransanci a allo, inda ake gyaran hanya. Akwai ta kuma cikin takardun yarjejeniya da na umurni. In takarda ta hana ku deviate, nufinta kada ku ƙara, kada ku rage.

To, me ya sa ake tsoron ɗan ratse? Matuƙan jirgin sama suna da wani lissafi. An kasa da'ira kashi 360, kowane kashi sunansa digiri. In jirgi ya kauce da digiri 1 kawai, bayan mil 60 ya bar hanyarsa da kimanin mil 1. Bayan mil 600, mil 10 ke nan. Ku manoma kun san wannan. In kunyar fari ta karkace, sauran duk bin ta za su yi.

Haka maganin asibiti yake. An ce ƙwaya 2 kullum har kwana 7, mutum ya ji sauƙi a na uku ya daina. Ciwo ya kan dawo. Haka ajin nan namu. Fashin rana ɗaya shi ke jawo na mako, har a manta da baƙi da wasali.

Saboda haka, wanda ya ga ya ratse, ya komo tun da wuri. Wanda bai gane umurni ba, ya tambaya, gama matambayi ba ya ɓata.

Yanzu kowa ya ɗauki fensir, ya rubuta kalmar sau 5. Allah ya ba mu sa'a.