Ɗakin Karatu Na Mutanen Bakin Ruwa: Jawabi Ga Wakilan Yauri, Ngaski da Shanga



An ce mu yi magana a kan ɗakin karatu, ko laburare, da irin amfanin da zai yi wa jama'armu. Idan aka ce laburare, yawancinmu babban gini muke tunani, a Birnin Kebbi ko Sakkwato. Amma masuncin da ke zaune a gungu, ko manomiyar albasa a ƙasar Shanga, ba za su bar aikinsu su biya kuɗin mota don su karanta shafi goma ba. Saboda haka shawararmu ita ce littafi ya riƙa zuwa wurin mutane. Wannan ba sabon abu ba ne a Arewa. Tun zamanin En'e akwai ƙananan ɗakunan karatu a garuruwa, inda ake ajiye jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. A shekarun 1950 kuma Yaƙi da Jahilci ya kai ƙananan littattafai har ƙauyuka.

Abin da ake bukata don farawa bai da yawa: akwatin ƙarfe mai murfi, saboda gara da ɓera da laima, da littafin rijista, da mutum biyu masu amana, mace da namiji. Muna nanata maganar mace, domin mun ga inda aka ba namiji kaɗai mabuɗi, mata suka daina zuwa. Ranar kasuwa akwati ya hau kwale-kwale tare da kaya, a mayar da waɗanda aka karanta, a ɗauko wasu.

To, me za a zuba a ciki? Ga yara da masu koyon karatu, a fara da Hausa. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi uku ne, kuma labaransa gajeru ne, ana iya karanta ɗaya da dare kafin barci. Akwai Ruwan Bagaja nasa, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara. Kada a raina littattafan marubutan Kano na zamani. Wasu iyaye suna ƙyamarsu, amma 'yan mata da yawa ta nan suka saba da karatu. A duba kawai a zaɓa. A sa littattafan makaranta da tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO, gama ba kowane gida ke iya saye ba. Don kiwon lafiya, littafin David Werner, Where There Is No Doctor, ya taimaki ƙauyuka a ƙasashe da yawa. Yana da hotuna, Turancinsa kuma mai sauƙi ne, sai dai ba zai maye gurbin asibiti ba. A Salka ta Jihar Neja an daɗe ana aikin rubuta harsunan Kambari. Ya kamata mu nemo littattafan koyon karatu daga can, domin yaro ya fi saurin kama karatu da harshen da ya tashi da shi.

Amma abin da ya fi damunmu shi ne littafin da ba za mu samu a kasuwa ba, wato labarin kanmu. A 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji. Tafkin da ya taru ya fi kilomita 130 tsawo, ya cinye tsohuwar Busa da gungaye da gonaki, aka tayar da mutum fiye da dubu 40 zuwa sababbin matsugunai. Gungawa da Kambari da sauran mazauna bakin kogi suna cikinsu. Yaron da yake da shekara goma a lokacin, yau ya kusa saba'in. Su ne na ƙarshe da suka san sunan kowane gungu, da inda makabarta take, da irin kifin da ake kamawa kafin ruwa ya tsaya, da yadda ake ban-ruwa a gonakin gungu. A gidaje da yawa na Gungawa jikoki Hausa kawai suke ji, ba sa jin Reshe. Idan waɗannan dattawa suka tafi, ba ruwa ne kaɗai zai rufe garuruwan ba.

An yi rubutu mai yawa a kan ƙasarmu, sai dai yana nesa da mu, kuma da Turanci. Cibiyar binciken kifi ta ƙasa, NIFFR, tana New Bussa, ta samo asali ne daga aikin binciken tafkin nan da aka fara a 1968. Shekara da shekaru ana nazarin kifinmu, amma masunta nawa ne suka taɓa jin abin da aka gano? Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya shugabanci Jami'ar Sakkwato, ya yi bincike a kan Yauri ta ƙarni na 19, ya kuma wallafa The Hausa Factor in West African History a 1978. Ɗaliban sakandare nawa ne a nan suka taɓa riƙe shi a hannu? Ko Turawa sun san darajar takarda a nan: a 1830 Richard Lander da ƙanensa John sun yi makonni a Yauri suna neman rubuce-rubucen Mungo Park, wanda ya mutu kusa da Busa a 1806. Ba su sami littafin tafiyarsa ba.

Don haka ɗakin karatunmu zai yi aiki biyu: ya ba da aro, ya kuma tara. Matasa su ɗauki waya su zauna da kakanninsu, su naɗi murya da harshen da tsoho ya zaɓa, sa'an nan a rubuta. A nemi izini tukuna. Abin da dattijo ya ce sirrin gida ne, a bar masa abinsa. Kowane rubutu a yi kwafi biyu, ɗaya a akwati, ɗaya a gidan mai labari. Malaman makaranta kuma su taimaka a taƙaita binciken kifi da na tarihi cikin Hausa, ko shafi biyu ne.

Akwai wasu hidimomi da mai kula da akwati zai iya yi. Ya karanta wa mutane wasiƙa, da rubutun jikin kwalbar magani ko ta maganin feshi, ya taya su cika fom. Ya sanar da hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara, da gargaɗin ambaliya. Kuma ba mu manta da watan Mayu na 2021 ba, lokacin da jirgi cike maƙil da mutane ya nutse kusa da Wara, aka yi asarar rayuka masu yawa. Takarda mai hoto a kan rigar kariya da haɗarin yi wa jirgi lodi fiye da kima, a manna ta a bakin tasha, wani ya riƙa karanta ta da ƙarfi, wannan ma aikin laburare ne.

Littattafai za su ɓace, wasu za su jiƙe. Kada wannan ya sa a kulle akwati. Aro na mako biyu ne, ba a biyan ko kwabo, kuma akwatin na kowa ne, Musulmi da Kirista da mai bin al'adar gargajiya. Abin da muke roƙo kafin a watse shi ne kowane gari ya ba mu sunan mutum biyu da za su riƙe mabuɗi, da sunayen dattawa uku da suka ga tashin 1968 da idonsu, domin mu fara da su kafin damina ta rufe hanya.