Ƙarfin Sauƙi a Waƙoƙin Rabuwar Masoya



Batunmu na yau shi ne wani salon kiɗan Turawa da ake kira indie rock, wato kiɗan jita na mawaƙan da ba su jingina da manyan kamfanonin faifai ba. Me ya sa waƙoƙinsu na rabuwar masoya, duk da ƙarancin kayan kiɗa da na kalmomi, suke ratsa zuciya haka?

A shekarar 2006 wani Ba'amurke, Justin Vernon, ya rabu da budurwarsa, ƙungiyarsu ta kiɗa ta watse, ga kuma rashin lafiya. Sai ya tare a bukkar farauta ta mahaifinsa a jihar Wisconsin wajen wata uku, daga shi sai jita da 'yan kayan ɗaukar murya. A can ya haɗa faifan For Emma, Forever Ago, wanda ya fitar da kansa a 2007 da sunan Bon Iver. Tun kafin wannan, a 1980, ƙaramin kamfanin Factory na Manchester ya fitar da waƙar Love Will Tear Us Apart ta ƙungiyar Joy Division, wadda Ian Curtis ya rubuta aurensa yana tangal-tangal. Amshinta jimla guda ce da ake ta nanatawa.

A ganinmu dalilan uku ne. Na farko, wanda baƙin ciki ya turnuƙe ba ya tsara zance, saboda haka gajeriyar magana ta fi kama da gaskiyarsa. Na biyu, idan kayan kiɗa suka yi kaɗan, murya ba ta da maɓoya. Ko rawa ta yi, ko numfashi ya sarƙe, kunne zai ji. Na uku, abin da mawaƙi ya bari bai faɗa ba, mai sauraro ne yake cike shi da nasa tabon.

Amma fa sauƙi ba lalaci ba ne. Vernon ya yi ta ɗora muryarsa bisa muryarsa har ta zama kamar ta taron 'yan amshi. Mu ma shaida ne, domin da kuntigi mai tsirkiya ɗaya marigayi Ɗanmaraya Jos ya riƙe hankalin jama'a shekara da shekaru.

Don haka muna kira ga masu rubuta waƙa a cikinmu: kada ɗokin nuna ilmi ya sa mu binne abin da ke zuci da manyan kalmomi. Kowace kalma a auna ta, wadda ba ta ɗauke da kaya a sauke ta.